Talabijin A Waya Ba Tare Da Data Ba: Wane Tsari Ne Ya Fi Jure Tafiya?

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, domin waɗanda data ba ta bari sun saurara ba, da kuma waɗanda dama karatu ya fi musu daɗi.

Tambayar yau ita ce: wayoyi da yawa suna kama rediyon FM kyauta da zarar ka saka iyafis, to me ya sa ba sa kama talabijin haka? Siginal ɗin talabijin fa yana nan a iska, yana wucewa ta saman kanka yanzu haka da kake karanta wannan. Amma idan kana cikin mota kana son kallon ƙwallo, sai dai ka ƙona data. Mu yi lissafi: hoto mai matsakaicin kyau, a ce yana cin megabit 1 a daƙiƙa, wasan minti 90 zai cinye maka megabayit 675. Mutum ɗaya ke nan, wasa ɗaya.

Waɗanda suka ɗan kwana biyu a duniya za su tuna wayoyin China masu doguwar eriya da ake zarowa, waɗanda suke kama NTA ko tashar jiha ba ko sisi. To waɗancan tsohon siginal na analog suke kamawa. Da duniya ta juya zuwa dijital, sai ƙasashe suka rarrabu, kowane ɓangare da tsarin da yake watsa shirye-shiryensa: Amurka tana da ATSC, Turai tana da DVB-T, Japan tana da ISDB-T, China tana da DTMB. Dukansu suna kai hoto gida lafiya idan akwai eriya a kan rufi. Inda aka ga bambancinsu shi ne lokacin da mai kallo ya tashi ya fara tafiya. A nan za mu tsaya yau.

Matsalolin mai kallo a kan hanya

Kafin mu gwada su, sai mun san abin da yake damun siginal idan ana tafiya.

Na farko, amsa-kuwwa. Siginal ba hanya ɗaya yake bi ya iso gare ka ba. Wani yana zuwa kai tsaye daga hasumiya, wani ya bugi bene ya dawo, wani ya bugi dutse ko tankin ruwa, sai su iso a makare ɗaya bayan ɗaya. A zamanin analog wannan ne yake sa ka ga mai karanta labarai da inuwarsa a gefe, kamar mutum biyu. A dijital babu inuwa. Ko dai na'urarka ta warware cuɗanyar ka ga hoto tas, ko ta kasa hoton ya daskare ya farfashe. Kuma idan kana tafiya, amsa-kuwwar tana canzawa duk bayan 'yan taku.

Na biyu, gudu. Kun san yadda ƙarar jiniya take yin siriri idan motar tana tunkaro ka, ta yi kauri idan ta wuce. Sunan wannan tasirin Doppler, daga Christian Doppler, masanin ƙasar Ostiriya da ya bayyana shi a 1842. Haka yake faruwa da siginal. Idan tasha tana watsawa a kan megahaz 600, kai kuma motarka tana gudun kilomita 100 a awa, siginal ɗin zai goce da kusan haz 56. Ku riƙe wannan lambar, za mu dawo kanta.

Na uku, tartsatsin lantarki: filogin babur, janareta, injin walda. Kowannensu yana watsa ɗan gajeren hargitsi da zai iya shafe wani yanki na bayanai gaba ɗaya.

Na huɗu, wayar kanta. Eriyarta ƙarama ce, tana hannunka a ƙasa maimakon saman rufi, kuma batir ɗinta ba zai jure na'urar kama siginal tana aiki ba hutu ba.

Amurka: babbar mota ɗaya

Hukumar sadarwa ta Amurka, FCC, ta amince da ATSC a Disamba 1996. Yana amfani da wata dabara mai suna 8VSB, inda ake ɗora duk bayanan a kan igiya ɗaya tilo mai gudun tsiya. A cikin layi mai faɗin megahaz 6 yana kwasar megabit 19.39 a daƙiƙa, yana aika alamomi miliyan 10.76 a kowace daƙiƙa.

Ka ɗauke shi kamar tirela ɗaya da aka loda mata kayan kasuwa duka. Idan titi a miƙe yake, babu kamarta. Gaskiya 8VSB yana da ƙarfinsa: yana kai hoto nesa ba tare da cin wuta mai yawa ba, abin da ya dace da ƙasa mai faɗi da gidaje masu eriya a rufi. Matsalar ita ce kowace alama gajeruwa ce ƙwarai, a tsawon lokacinta siginal bai wuce ya yi tafiyar mita 28 ba. Ke nan amsa-kuwwar da ta yi zagayen mita 300 kafin ta iso za ta faɗo kan alama ta goma ko sha ɗaya a gaba, ta ɓata ta. Dole akwatin ya riƙa lissafin cire amsa-kuwwar. Idan kana zaune wuri ɗaya zai iya koyon yanayin wurin. Idan kana gudu a mota, kafin ya gama lissafi yanayin ya canza.

Wannan ya jawo rigima a cikin Amurkar kanta. A 1999 kamfanin Sinclair, mai gidajen talabijin da dama, ya yi gwaji a birnin Baltimore, ya nemi FCC ta bari a yi amfani da dabarar Turai. A farkon 2000 hukumar ta ƙi. Sai a Oktoba 2009 aka fito da wani faci mai suna ATSC-M/H, wanda yake yankar wani kaso na waɗancan megabit 19.39 ya lulluɓe shi da kariya mai kauri domin waya. Ya yi aiki, sai dai wayoyin da aka ƙera da shi ba su taka kara sun karya ba.

Turai: dubban 'yan dako

DVB-T ya fito a 1997, Birtaniya ta fara watsawa da shi a Nuwamba 1998. Su dabararsu COFDM ce. Maimakon tirela ɗaya, sai a raba kayan ga dubban 'yan dako, kowa ya ɗauki kaɗan yana tafiya a hankali. Akwai zaɓi biyu: 2K mai 'yan dako 1,705, da 8K mai 6,817.

Tunda kowane ɗan dako a hankali yake tafiya, alamarsa doguwa ce. Sannan tsakanin alama da alama ana barin 'yar tazara ta kariya, domin duk amsa-kuwwar da ta makara ta iso ta lafa kafin a fara karanta ta gaba. A 8K, idan aka zaɓi tazara mafi tsawo, tana iya haɗiye amsa-kuwwar da ta yi ƙarin tafiyar kusan kilomita 67. Kwatanta wannan da mita 28 na Amurka, ka ga inda aka bar su. Wannan ne ma ya ba da damar hasumiyoyi da yawa su watsa abu ɗaya a kan layi ɗaya, na'urarka ta ɗauki hasumiya ta biyu kamar amsa-kuwwa kawai.

To amma ga inda gizo ke saƙar. Yawan 'yan dako yana nufin cunkoso. A layi mai faɗin megahaz 8, irin wanda ake amfani da shi a Turai da Afirka, ratar da ke tsakanin ɗan dako da maƙwabcinsa a 2K haz 4,464 ce. A 8K haz 1,116 ce. Yanzu dawo da lambar nan tamu, haz 56. A 2K gocewar ba ta kai kashi 2 cikin 100 na ratar ba, ba wanda zai ji. A 8K ta kai kashi 5 cikin 100, an fara taka ƙafar juna. Ke nan 2K ya fi jure gudu amma bai jure amsa-kuwwa mai nisa, 8K kuma akasin haka. Injiniya ba zai samu duka biyun a cike ba, sai ya zaɓa.

Duk da haka DVB-T ya yi tafiya a mota. A Singafo an saka talabijin a motocin bas da shi tun 2001, da sunan TVMobile, har zuwa farkon 2010. Rauninsa biyu ne: ba ya warwatsa bayanai a tsawon lokaci yadda ya kamata, don haka tartsatsi ɗaya yana iya fasa hoto, kuma yana shan batir, domin sai na'urar ta kama layin gaba ɗaya ko da tasha ɗaya kake kallo.

Domin maganin wannan aka fito da DVB-H a Nuwamba 2004, musamman saboda waya. Dabararsa mai daɗi ce: a turo bayanan tasharka a dunƙule cikin ƙiftawar ido, na'urar kamawa ta yi barci, ta farka daidai lokacin da dunƙule na gaba zai iso. Kai kana ganin hoto ba yankewa, ita kuwa mafi yawan lokacin tana barci, abin da zai iya rage cin wutarta da kusan kashi 90 cikin 100. Aka ƙara masa zaɓin 4K a tsakiya, da ƙarin kariyar kurakurai. Italiya ta ƙaddamar da shi a 2006 daidai gasar cin kofin duniya, Nokia ta yi wayoyi irin su N92 da N96 masu shi, Tarayyar Turai ta mara masa baya a 2008. Mu ma nan ya iso: DStv Mobile da aka yi a Najeriya da Ghana da Kenya, mai 'yar na'urar Drifta da ƙaramin talabijin na hannu Walka, a kan DVB-H yake. Zuwa 2012 ƙasashen Turai sun kashe nasu kusan duka. Za mu zo kan dalili.

Japan: an bar wa waya kujerarta tun farko

ISDB-T ya fara aiki ranar 1 ga Disamba 2003 a Tokyo da Osaka da Nagoya. Shi ma dubban 'yan dako yake amfani da su, amma Japanawa sun ƙara abu biyu.

Na farko, sun yanka layin gida 13. Guda 12 suna ɗauke da hoto mai inganci na talabijin ɗin falo, na tsakiya guda ɗaya kuma na waya ne. Shi ake kira 1seg, aka fara shi ranar 1 ga Afrilu 2006. Waya ba ta buƙatar kama layin duka, wancan ɗan yanki mai faɗin kusan kilohaz 429 kawai take saurara, don haka batir yana hutawa. Kuma an ba shi lulluɓi mai kauri, ya jure inda babban hoton zai mutu. Hoton ƙarami ne, 320 sau 240, firam 15 a daƙiƙa. A allon wayar wancan zamanin ya wadatar.

Na biyu, warwatsa bayanai a tsawon lokaci. Bari in ba ku misali. A ce ka rubuta wasiƙa mai shafi goma, akuya ta cinye shafi ɗaya. Duk abin da ke wannan shafin ya tafi. Amma da ka rarraba haruffan kowace kalma a shafuka goma, abin da za ka rasa harafi ɗaya ne a kowace kalma, mai karatu zai cike gurbin da kansa. Haka ISDB-T yake yi: yana baza bayanan a kan ɗan lokaci da zai iya kai kusan rabin daƙiƙa, yadda idan ka wuce ƙarƙashin gada ko babur ya yi tartsatsi kusa da kai, asarar ta rarrabu, na'urar ta gyara.

An gwada wannan a fili. Tsakanin 1999 da 2000, ƙungiyoyin injiniyoyi da masu gidajen talabijin na Brazil tare da Jami'ar Mackenzie sun jera tsarin Amurka da na Turai da na Japan a birnin Sao Paulo. Masu dubban 'yan dako suka doke 8VSB a cikin gari, na Japan kuma ya fi jure tartsatsi da tafiya. Brazil ta ɗauki tsarin Japan a 2006, ta fara watsawa a Disamba 2007, yawancin Kudancin Amurka suka bi ta. A Afirka, Botswana ta zaɓe shi a 2013.

Amfaninsa ya fito a rana mafi muni. Lokacin girgizar ƙasa da ambaliyar teku ta 11 ga Maris 2011, layukan waya sun cushe, wuta ta ɗauke a wurare da dama, mutane da yawa ta 1seg suka riƙa ganin labarai da gargaɗi. Dalili kuwa shi ne watsawa daga hasumiya ba ta san cunkoso ba. Ko mutum ɗaya ke kallo ko miliyan goma, siginal ɗaya ne. Netwok ɗin waya kuwa kowane mai kallo sai an buɗe masa tasa hanyar.

Sauran 'yan takara a taƙaice

Koriya ta Kudu ta bi ta wata hanyar: ta ɗauki tsarin rediyon dijital na DAB, wanda dama domin mota aka ƙera shi, ta ɗora masa hoto. Shi ne T-DMB, an fara shi a Disamba 2005, kyauta, ya bazu a wayoyi da na'urorin nuna hanya na mota. Ɗan uwansa na tauraron ɗan'adam, wanda ake biya, ya rufe a 2012. China ta yi CMMB ta baje shi lokacin wasannin Olimfik na Beijing a 2008. A Amurka kamfanin Qualcomm ya gina MediaFLO da hasumiyoyinsa daban, aka fara a 2007, aka rufe a Maris 2011, aka sayar wa AT&T layin a kan dala biliyan 1.9 da ɗoriya.

To me ya raba masu rai da matattu?

Ku duba jerin da kyau. DVB-H da MediaFLO ba su gaza a fasaha ba, a wasu fannonin ma sun fi 1seg kyan hoto. Abin da ya kashe su kuɗi ne. Sai an gina musu layi da hasumiyoyi na daban, don haka sai an caji mai kallo duk wata. Mai kallo ya ce ba zai biya ba tunda wayoyin kaɗan ne kuma tashoshin kaɗan ne. Mai ƙera waya ya ce ba zai saka na'urar ba tunda masu kallo kaɗan ne. Ana cikin wannan ja-in-ja sai ga iPhone a 2007 da 3G da YouTube, mutane suka koma kallon abin da suke so a lokacin da suke so.

1seg kuwa a cikin siginal ɗin da gidan talabijin yake watsawa dama yake, hasumiya ɗaya, ba kuɗin wata ga kamfanin waya, shi ya sa ya shiga wayoyin Japan gadan-gadan. T-DMB ma kyautar ce ta raya shi. Amma ko su ɗin sun ja baya, domin iPhone bai taɓa zuwa da na'urar kama talabijin ba, sauran kamfanoni ma suka riƙa cire ta. A Japan har kotun ƙoli ta tabbatar a 2019 cewa mai waya mai 1seg sai ya biya kuɗin gidan talabijin na ƙasa, NHK, kamar mai talabijin a ɗaki.

Idan ka tambaye ni hukunci, a zangon farko na Japan ne ya ci, domin shi kaɗai ya haɗa ukun: jure amsa-kuwwa, jure tartsatsi da gudu, da tausayin batir, duk a siginal ɗaya. Na Turai ya zo na biyu, na Amurka ya zo na ƙarshe. Ita ma Amurkar daga baya ta sauka daga tirelar: sabon tsarinta ATSC 3.0, wanda FCC ta ba izini a Nuwamba 2017, dubban 'yan dako yake amfani da su.

Mu kuma ina muka tsaya?

Najeriya da Nijar da Ghana duk DVB-T2 suka ɗauka, wato ƙanin DVB-T da ya fito a 2008. Yarjejeniyar Geneva ta 2006 ta sa 17 ga Yuni 2015 a matsayin ranar barin analog, amma a Najeriya sai 30 ga Afrilu 2016 aka fara gwajin a Jos, sannan Abuja, Kaduna ta samu a 2017, Kano a 2021. Dikodar GOtv da ta StarTimes mai eriya da ta FreeTV duk wannan gidan ne.

DVB-T2 ya gyara raunin yayansa. Yana warwatsa bayanai a tsawon lokaci, yana iya raba layi zuwa bututu daban-daban, wani mai yawan kaya domin falo, wani mai kaurin kariya domin hanya, har ma akwai nau'insa na waya mai suna T2-Lite tun 2011. Sai dai ya zo da zaɓin 32K, mai 'yan dako sama da 27,000, inda ratar da ke tsakaninsu haz 279 ce kawai. Haz 56 ɗinmu a nan kashi 20 cikin 100 ne. Mai gidan watsawa da yake son cusa tashoshi masu yawa zai so 32K, mai kallo a motar Kano zuwa Kaduna kuwa hotonsa ne zai biya kuɗin. Ke nan tsarin yana iya yin tafiya, amma sai an saita shi da niyyar hakan. Kuma ko an saita, wayarka ba ta da na'urar kama shi a ciki. Shi ya sa ake sayar da 'yar na'urar DVB-T2 mai eriya da ake soka wa wayar Android. Tana iya kama tashoshin da ba a kulle ba idan kana zaune kusa da hasumiya, amma kada ka sa rai da ita a mota mai gudu, kuma tashoshin biya ba za su buɗe ba.

Abin da ake sa wa ido yanzu shi ne 5G Broadcast, wanda ƙungiyar 3GPP ta tsara: hasumiyar talabijin ta watsa da yaren da wayar zamani ta riga ta saba da shi, ba sim, ba data. An yi gwaje-gwajensa a Jamus da Ostiriya da wasu ƙasashe. Tambayoyin da za su yanke masa hukunci su ne dai waɗanda suka yanke wa na baya: masu ƙera waya za su kunna shi a wayoyi masu araha? Kuma kyauta zai zama?

Ga ƙasashe irin namu, inda data take cin aljihu, netwok yake tsinkewa a hanya, ambaliya kuma take buƙatar gargaɗi ya isa ga kowa a lokaci ɗaya, wannan magana ce ta hukumomi da 'yan majalisa, ba ta injiniyoyi kaɗai ba. Duk lokacin da kuka ji ana batun sayar da layukan da analog ya bari, ku tambaya ko an bar wa waya nata kason.

Nan za mu dakata. A shiri na gaba za mu duba dalilin da ya sa ruwan sama yake ɗauke hoton dish amma bai cika taɓa eriyar kan rufi ba. Ku tura wa abokin nan naku da kullum datarsa ke ƙarewa ana tsakiyar wasa. Allah Ya bar mu tare, sai mun sake haɗuwa.